Lemu Shida a Kofi Ɗaya

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da masu sauraro. Daga unguwar Manfuha a Riyad nake rubutowa, inda nake matse lemu a wani shago.

Kirarina ga masu saye kullum shi ne "bidun sukkar", wato babu sukari. Ni ma da babban kofi na ruwan lemun nake kora abinci, har ƙishirwa da yawan fitsari suka kai ni asibiti. Aka auna, aka ce sukarina ya hau.

Na ce wa likitar, wata 'yar Sudan, "Daktora, wallahi ko a shayi ba na sawa."

Ta ce, "Lemu nawa ke cika kofinka?"

Na ce shida.

"Za ka iya zama ka cinye shida?"

Ta ce 'ya'yan itace suna da nasu sukarin, furaktos. In ka ci da tsokarsa, ƙoshi zai tsayar da kai. In ka matse, ka cire birki.

Malam, duk iya bakina a kasuwa, da tambaya biyu ta ɗaure ni. Allah ya saka mata! Yanzu ɗaya nake ɓarewa in ci, kuma Alhamdulillahi da sauƙi.

Ku ba ni shawara: mai shago yana son kirarin, ni kuma bakina ya ƙi faɗa. Me zan riƙa cewa?