Dattin da ya toshe nozul

A tashar Bagudo, shekarar da aka rufe gidajen giya, tsohuwar motar Alhaji Badamasi ta ƙi tashi, dawowarsa ke nan daga iyakar Benin. Ya kira wani bakanike da bai sani ba.

"Batir lafiya, fulogi lafiya," in ji bakaniken. "Injekta ce ba ta feso mai ta nozul."

Ya cire tiyo, ya zuƙa, ya juya abin a baki.

"Alhaji, wagga mota tanki biyu gare ta, kuma an haɗa tiyo da na ɓoye. Ba fetur ba ne, sodabi ce, giyar Benin."

Alhaji ya waiga, ga 'yan hisba can rumfar mai shayi.

"Subhanallahi! Sharri za ka yi min?"

"Wane sharri? Mai kyau ce ma, ba a sirka ta ba."

Alhaji ya matso, ya rage murya. "Malam, ina ka san mai kyau? Kuma ban ga ka tofar ba."

Bakaniken ya goge baki. "Datti ne ya toshe nozul, Alhaji."

"Ni ma abin da na zata ke nan."