Katangar Kakanmu a Gaffati

Sallama da girmamawa, mai gabatarwa, muryar da ke sanyaya Damagaram. A gafarce ni da kutse.

Gonarmu ta Gaffati tana da katangar duwatsu, ba laka ba siminti. Ƙa'idar kakanmu ce, duk dutsen da hauya ta tono a aza shi bisa katanga kafin a tashi. Ruwan bana ya kwashe geron maƙwabta, namu ya tsira a bayanta.

Yanzu ƙanena zai rushe ta don harsashin gidansa. Ya ce, "Yaya, dutse ai dutse ne." Na ce:

Masu azawa sun riga mu tafiya,
Duwatsun na nan, suna tsaron zuriya.

Ya yi dariya, wai waƙa ba ta tare kamyo. Don Allah ku rubuto mini shawara da gaggawa, kafin kamyon ya iso.