Ƙwaƙwalwar Mota da Rediyon Uwargida

Shekarar fari, a tashar Tsibiri da ke Maraɗi, Barmo na rungume da ƙwaƙwalwar motarsa, akwatin lantarkin da ke sarrafa injin, zai kai ta gyara, sai wani dattijo mai buhun gero ya ishe shi da tambaya.

"Kai ka buɗe ta a gida?"

"Kondansa biyu ne suka kumbura, Baba, 'yan ƙananan kayan lantarkin cikinta. Na ciro na rediyon matata na liƙa da dalma."

"Motar ta tashi?"

"Da ta tashi, me zai kawo ni tasha? Hayaƙi ta yi!"

"Rediyon fa?"

"Ya mutu. Don Allah ka ƙyale ni!"

"Af, shi ya sa ba ka ji sanarwa ba. Sojoji na rabon gero a Jiratawa."

Barmo ya miƙe zumbur.

"Zauna, ɗana. Tun da hantsi aka gama."