Ƙonannen Fanken Mama Laraba

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ne Buba Tela, daga Tudun Wada, Gombe.

Tun ana kashe fam da sule nake karya kumallo da fanken Mama Laraba, wata mutuniyar Kaltungo da ke suya a bakin layinmu. Ta san ina son wanda ya ɗan ƙone, kullum sai ta ware min a gefen faranti. Da ta rasu aka rufe rumfar.

Makon jiya 'yarta Rifkatu ta sake buɗewa. An yi fenti, an sa akwatin gilashi. Na ja ƙafa na je, na ce a ba ni ƙonanne. Ta ce, "Ayya Baba, yanzu ma'aikatan gwamnati ke saye, ƙonanne kaji muke zuba wa."

Na karɓi jajayen na ci. Ba laifi, amma wallahi na gaji da sabbin abubuwan garin nan.

Jama'a ku ba ni shawara. In gaya mata rabona ne take ba kaji, ko in yi shiru in bar musu?