Kofin da ke Ƙarƙashin Gado

A tashar motar Thiès, wani tsoho ya leƙa jaridar matar da ke zaune kusa da shi, inda aka jera dawakan da suka taɓa lashe babban tseren ƙasa. Ya ɗora yatsa a kan wata shekara da ta daɗe da wucewa.

"Ƙarya ce! A shekarar nan Gainde ne ya zo na ɗaya, ni ne a kansa!"

"Baba, Ndiambur aka rubuta."

"Da tsawon doki uku na wuce shi! Wai bayan tsere mahayi ba ya taɓa kowa sai an auna shi a sikeli. Uwata ce ta keto taro ta rungume ni, shi ke nan suka soke nasarata."

"To ai doka ce, Baba."

"Doka! Ke za ki ture uwarki saboda sikeli? Har yau jikokina cewa suke tatsuniya nake musu."

Matar ta naɗe jaridar a hankali.

"Kai ne Ngagne Seck? Mahaifina ne ya hau Ndiambur. Har ya rasu bai yarda an ajiye kofin tseren nan a falo ba. Yana ƙarƙashin gado."

"Ƙarƙashin gado? Kofin nawa?" Tsohon ya miƙe yana lalubar sandarsa. "Tashi, 'yata. Wace mota ce ke zuwa gidanku?"