Askar Ƙasimu

A tashar Rano, ana jiran motar Kibiya ta cika, wani dattijo ya leƙa littafin da ke hannun wani malamin firamare.

"Malam, da girmanka kake kallon zane-zane?"

"Tarihi ne, Baba, ni na zana. In na karanta wa yara sai gyangyaɗi, amma in sun ga hoto ba sa son a tashi."

"Wannan mai gudun fa?"

"Ƙasimu ke nan. Da mahara suka zo Nariya, shi ya kora shanu gabas, suka bi shi, mata da yara suka samu suka haye dutse. Bai dawo ba."

"Wa ya faɗa maka askar fuskarsa?"

"Wani tsohon wanzami. Kakanninsa ne suka yi masa ita."

Dattijon ya janye rawani daga kuncinsa. Askar ce sak.

"Ikon Allah. Baba, jininsa ne kai?"

"Kakan mahaifina ne. Mu a gida cewa aka yi ya gudu da shanun mutane. Tun daga nan ba a ƙara sa wa jariri sunansa ba." Ya shafa hoton. "Malam, ara min littafin nan. Jibi muna da suna."