Saƙon da Likita Ya Bar Mini

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban ƙungiyar likitocin dabbobi, malamanmu da dattawan unguwa, abokan aikin marigayi, Hajiya mai ɗakinsa, ƙannensa maza da mata, 'yarsa da muke kira Ƙaramar Likita, da dukan wanda ya bar sana'arsa ya zo, ina gaishe ku, ina kuma yi mana ta'aziyya baki ɗaya.

Ni mai aski ne, shagona na kallon asibitin dabbobin marigayi. Ban san dalilin da ya sa aka zaɓe ni ba, sai dai ko don an san bakina ba ya hutawa. Ku yi haƙuri in kun ga na kasa tsayuwa wuri ɗaya. Tun ranar da aka rufe ƙofar can ban samu sukuni ba. Ina cikin aski sai in ji kamar wayata ta yi ƙara, in ajiye almakashi in duba, ba kowa. Akwai kuma wani saƙo da ya bar mini, na ɗauko shi na ajiye, na ajiye na ɗauko, yau dai sai na sauke shi kafin in sauka daga nan.

Ya kasance mutum mai naci. Wanda bai taɓa ganin kiransa ya kife waya ba a cikinmu, ya ɗaga hannu. To kun gani, ba ko ɗaya. Zai kira ka kana tsakiyar ciniki, ba zai tambayi lafiyarka ba sai ya fara tambayar ta karenka. In ka ce, "Likita, sai mako mai zuwa," ya ce, "To, ba ni shi mu yi magana, in ji ko shi ma ya yarda." Mu yi tsaki, mu yi dariya, washegari a gan mu a kan bencin asibiti, wani da kyanwa a kwando, wani da zomo a kwali, wani yana jan kare kamar za a kai shi kotu.

Ya kasance mai tsoron abin da mu ba ma tsoro. Kun tuna shekarar da mahaukacin kare ya ciji mai gyaran babur a ƙafa. Unguwa ta ruɗe, wasu suka ɗauki sanduna suka ce duk karen da aka gani a kashe. Likita ya tare su a bakin titi, ya ce su ba shi lokaci. Ya ɗaure kular ƙanƙara a bayan babur, ya bi gida-gida yana allurar rigakafi, rana na dukansa, har muryarsa ta dushe. Shi ya ɗauki mai gyaran babur ya kai shi asibitin mutane, shi ya riƙa tsare shi har ya cika allurarsa. Ga shi can a layin baya da ƙafarsa, ku tambaye shi.

Ya kasance ya san halinmu fiye da yadda muke so a san mu. Da 'yarsa ta gama karatu ta dawo aiki tare da shi, ta kawo tsarin aika saƙo ta waya. Saƙo ya shigo, mu karanta, mu manta. Sai ya zo shagona aski, ya ce mini, "Mai aski, na gano ku. Mutumin unguwar nan yana manta abin da ya shafe shi, amma abin maƙwabci ko a mafarki ba ya mantawa." Daga ranar ya sake salo. Ba zai gaya maka ranar allurar dabbarka kaɗai ba, sai ya ɗora maka ta wani. Ya ce wa tela, "Ka tuna wa malamar makaranta, allurar kyanwarta ta kusa." Ya ce wa malamar, "Ki tuna wa direba, karensa bai sha maganin tsutsa ba." Ya mai da gulmarmu aiki. Kana tafiya a titi wata tsohuwa ta tsayar da kai ta ce, "Kai, ba ka jin kunya? Har yau ba ka kai zomon nan ba?" Kunya ta kai mu inda saƙon waya ya kasa kai mu.

Yanzu fa? Asibiti a kulle. Na leƙa ta taga jiya, ma'aunin nauyi ya yi ƙura, farar rigarsa na rataye a bayan ƙofa. Mu kuma muna zaune muna jiran wayar da ba za ta zo ba. Lokacin rigakafi na matsowa, karnukan unguwa ba su san an yi rasuwa ba, cutar ma ba ta sani ba. Na kuma ji ana cewa Ƙaramar Likita ta kasa shiga ɗakin, har tana tunanin barin wurin gaba ɗaya. 'Yata, ba mai ganin laifinki. Ni da ba ubana ba, in na kalli ƙofar sai in kau da kai. Amma ina jin tsoro, kuma gara in faɗa a gaban kowa: in ƙofar nan ta tabbata a rufe, wata rana za mu sake ganin sanduna a titi, kuma ba mai tare su.

Hajiya, ki yi haƙuri da mu. Mun cinye miki lokacin mijinki, mun sha katse masa abinci saboda aku ya ƙi magana. Ba ki taɓa ɗaure mana fuska ba. Ƙannensa, ku riƙe Hajiya, ku riƙe yarinyar nan.

To ga saƙon. Duk kun san Sakatariya, tsohuwar kyanwar da ke kwanciya a kan teburinsa tana harararmu. Tana da ciwon gaɓɓai, duk wata sai an yi mata allura, in ba haka ba ko kujera ba ta iya hawa. Kiran ƙarshe da ya yi mini daga gadon asibiti, muryarsa da ƙyar take fita. Na ce, "Likita, yaya jiki?" Ya ce, "Bar zancen jiki. Kai zan ɗora wa ta gidana. In lokaci ya yi, ka tuna wa 'yata allurar Sakatariya. Maganin na cikin firij ɗin asibitinmu na dabbobi." Na ce, "Haba Likita, ai da kanka za ka tuna mata." Ya ce, "Mai aski, ka ji ko ba ka ji ba?" Na ce na ji.

Na zo ƙofar gidan Likita na koma ya fi a ƙirga. Ta yaya zan shiga gidan makoki in ta da maganar kyanwa? Amma Hajiya ta gaya wa matata cewa Sakatariya, wadda aka dawo da ita gida, ta daina hawa kujera. Kuma na zauna na yi tunani, mutumin da ya san halin kowa a unguwar nan bai rasa sanin halin 'yarsa ba. Ya san inda ya ce maganin yake, ya kuma san sai an buɗe ƙofa ake kaiwa gare shi.

Jama'a, kowa a nan akwai wanda Likita ya ɗora masa. Kafin mu watse, ka nemi naka ka gaya masa. Tela, malama na can gefenka, kada ka yi kamar ba ka gan ta ba.

Mun gode wa duk wanda ya zo. Allah Ya jiƙan Likita, Ya gafarta masa, Ya sa tausayin da ya yi wa bayinSa marasa baki ya zame masa haske. Allah Ya ba iyalinsa haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

'Yata, Ƙaramar Likita, babanki ya ce in tuna miki: lokacin allurar Sakatariya ya yi. Gobe da safe zan share miki bakin ƙofa, bencin kuma mu za mu cika shi. Ki zo da mukulli.